Kirsimeti da naka, Ista da wanda ka ga dama: izini ne ko gatse?

Sani Ɗan Agadas: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da wata magana ta Italiyawa da nake so a taya ni warwarewa, domin a gabana aka yi rigima a kanta ranar Lahadin da ta wuce. Matar da nake haya a gidanta a Brescia, wadda ta haura shekara 70, ta dawo daga coci da reshen zaitun a hannu, kamar yadda suke yi mako guda kafin Ista, ta tara 'ya'yanta cin abincin rana, ni ma ta gayyace ni. Ana cikin ci sai autanta ya ce bana ba za a gan shi ranar Ista ba, zai tafi bakin teku da abokansa, ya kuma kafa hujja da cewa "Natale con i tuoi, Pasqua con chi vuoi", wato Kirsimeti da naka, Ista da wanda ka ga dama. Tsohuwar ta ajiye cokali, ta ce ta san maganar tun ba a haife shi ba, kuma ba don marasa kunya aka yi ta ba. Yayarsa ta goya masa baya, mijin yayar ya bi bayan surukarsa, ni kuwa na sunkuyar da kai a kan farantina. Shin wannan magana izini ce ko gatse?

Malam Habu: Wa'alaikumus salam. A ganina izini ne, kuma yanayi ne ya haife shi. Kirsimeti yana zuwa ranar 25 ga Disamba, lokacin da sanyi ke kulle kowa a ɗaki, don haka ko kana so ko ba ka so da iyalinka za ka zauna. Ista kuwa ba ta fita daga tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, lokacin da sanyin ya fara sakin jiki, ƙafa ta fara ƙaiƙayi. Mu ma mun ce naka sai naka, daɗin zama sai bare. Italiyawa raba wa kowane ɓangare ranarsa kawai suka yi.

Yakubu Wusasa: Allah ya gafarta Malam, ina da gyara kaɗan don kada wani ya ɗauka Ista ƙaramin biki ce. A wurin Kirista ita ce babba, domin ita ce ranar tashin Almasihu, kuma sai an yi azumin kwana 40 kafin a kai gare ta. A Rum ma Paparoma ne ke jagorantar addu'ar hanyar gicciye a tsohon dandalin Kolosiyam daren Jumma'ar da ke gabanta. Saboda haka idan maganar tana auna girman ranakun biyu ne, to ta yi kuskure. Ni na fi ganin cewa yaron ya ari maganar ya yafa ta a ranar da ba tata ba, tunda Italiyawa suna da Litinin ɗin bayan Ista, wadda suke kira Pasquetta, ranar hutu ce a ƙasar baki ɗaya, kuma ita ce aka sani da fita bayan gari da abokai, a gasa nama, a ci ragowar abincin jiya.

Ɗanbaba Mai Shayi: Ai mu ma muna da masu aiki da ita sau da ƙafa. Yaƙin neman zaɓe da naka, rabon muƙami da wanda ka ga dama. Wani ma Kirsimeti a jam'iyya ɗaya yake yi, kafin Ista ya sauya sheƙa.

Maman Dauda: Ku ba ni dama in ba ku labarin kakar mijina, domin a gidanmu ba a faɗin wannan magana sai an ambace ta. Mutuniyar wani ƙaramin gari ce kusa da Napoli, kuma na riske ta da rai shekara shida bayan aurenmu. A wurinta Ista tana farawa ne ranar Alhamis, ranar da ake gasa pastiera, wato wani kek da ake yi da dafaffiyar alkama da cuku mai laushi da ƙwai da ruwan furen lemo, a ajiye ta kwana biyu ko uku don ƙamshin ya ratsa ta kafin Lahadi. Yanzu a kwalba ake sayen alkamar a dafe, amma ita da kanta take jiƙa tata kwana da kwanaki tana sauya ruwa, kuma duk surukar da ta kawo ta kwalba sai ta sha harara har Kirsimeti. Ba guda take yi ba, kowane ɗa da gidansa yana da tasa, maƙwabta ma suna da rabo. Ranar Lahadi, kafin kowa ya taɓa ɗan rago da dankali, sai mai gida ya tsoma reshen zaitun ɗin nan da Sani ya ambata a ruwan da aka sa wa albarka a coci, ya yayyafa wa kowa ɗaya bayan ɗaya. Tun da mijinta ya rasu ita ta karɓi wannan aiki, ba ta bar wa ɗan farinta ba.

To a zamanin da mutanen kudu suke kwarara arewa neman aiki, ɗanta na uku, ƙanin surukina, ya tafi Torino ya shiga masana'antar motoci ta Fiat. Wata shekara ya bugo waya gidan maƙwabta, domin su ba su da ita, ya ce ba zai zo ba, kuɗin jirgin ƙasa ya yi yawa, kuma ai an ce Ista da wanda ka ga dama. An ce ba ta ɗaga murya ba, ta ce gaskiyarka ɗana, haka aka ce. Ranar Lahadi ta sa masa faranti kamar yana nan, ta yayyafa wa kujerarsa ruwan albarka, aka ci aka tashi. Da yamma ta ɗaure pastierarsa a ƙyalle, ta sa baƙin mayafinta, ta ce a raka ta tasha. Matar da ba ta taɓa wuce Rum ba ta kwana a jirgin ƙasa, tafiyar da ta haura kilomita 800, tana rungume da ƙullin a cinya don kada ya fashe. Da safiyar Litinin ta ƙwanƙwasa ƙofar ɗakin da yake haya da wasu samari uku, da ya buɗe ta ce masa, ni ma da wanda na ga dama na zo in yi tawa. Ta yanka musu, ta duba ɗakin ta ce ko awaki ba za su kwana a nan ba, ta share, ta wanke musu riguna, washegari ta koma. Mutumin nan yanzu ya haura 80, kuma mijina ya ce bai sake fashin Ista ko sau ɗaya ba har ta bar duniya.

Hajiya Binta Kumasi: Allah sarki, uwa ba ta da ƙabila. Maman Dauda, wannan labari ya kashe bakin Malam Habu. Gatse ne tsagwaronsa: an ce ka zaɓa ne don a ga wanda za ka zaɓa.

Malam Habu: Hajiya, ni kuwa ƙarfafa ni ya yi. Tsohuwar ba ta ƙaryata maganar ba, aiki ta yi da ita. Da maganar gatse ce, da zama za ta yi ta yi fushi, kamar yadda za ta yi in da Kirsimeti ya ƙi zuwa. Zumunci a ƙafa yake, kuma a wannan karon ƙafar uwa ce ta taka.

Ɗanbaba Mai Shayi: Da a ce masu wakiltarmu suna da zuciyar tsohuwar nan, da mun ga ɗayansu a ƙofar gida ba tare da akwatin zaɓe yana biye da shi ba. Su sun fi kama da ƙwan cakulan ɗin da aka ce ana ba yaran Italiya ranar Ista: ƙato, an naɗe shi da takarda mai walƙiya, ka fasa ka tarar da iska da ɗan abin wasa na roba.

Yakubu Wusasa: Ɗanbaba, aƙalla shi ƙwan ana cin ɓawonsa. Amma ina so a lura da wani abu a labarin: ranar Litinin ta isa, ba Lahadi ba. Lahadin a teburinta ta yi ta, da nata. Ko ita ma ashe Litinin ɗin ta ba wa rabin maganar na biyu.

Maman Dauda: Yaya Yakubu, kada ka ɗora mata tafsirin da ba ta yi ba. Da akwai wanda zai kula da murhu, da tun Asabar ta tafi.

Sani Ɗan Agadas: Na gode muku, amma ga inda aka kwana a gidanmu. Jiya autan ya ce zai ci abincin rana ya kama hanya da yamma, uwar ta ce ba ta roƙe shi ba, ya tafi tun safe idan ya ga dama, yanzu kuma shi ne ya dage sai ya zauna. Ni kuma ta aiko mini da colomba, burodin nan mai zaƙi mai siffar kurciya da ake barbaɗa wa sukari da almon, ta ce ranar Lahadi in hau sama ƙarfe ɗaya, kuma ta ware mini tukunya dabam ba alade ba giya. Ban sani ba ko a cikin nata ta sa ni ko a cikin waɗanda ta ga dama.

Hajiya Binta Kumasi: Ka je ka ci, ɗana, ka riƙe mata wani abu a hannu. Maman Dauda, idan ba a sami cukun nan nasu ba, wagashi zai yi a pastierar, ko zai yi tauri da yawa?