Musayar Baiti Kan Itatuwan Tsauni

Ɗan Gembu:
Salama gare ku mawaƙan zaure,
Daga tsaunin Mambila nake gaisuwa.
Kurmin Ngel Nyaki kusa da Yelwa,
Hazo kan kwana ciki bai watsewa.
Tun 1969 aka keɓe shi,
Malmo a bakin rafi na bunƙasawa.
Sai ga zaiti, itacen turare, ya cike tuddanmu,
Baƙo ya sa ƙoramu suna ƙafewa.

Sarkin Katako:
Haba Malam, sassauta wa zaiti,
Shi ne rufin ɗaki, shi ne na hurawa.
Ɗan Ostareliya ne, ban musa ba,
Shekaru kaɗan ya isa sarewa.
Ran da ka rasa shi a bayan gida,
Kurmin naka gatari zai faɗawa.

Inna ta Bamenda:
Ku saurara 'ya'yana, in ba ku labari,
Na itacen pijiyom a Dutsen Oku na Kamaru, mai tsayuwa.
Mita 3,011 tsayin dutsen,
Can sanyi ya raine shi har girmawa.
Ɓawo baƙi, ciki ja, ga tauri,
Ƙotar gatarinsa ba ta saurin karyewa.
Iyayenmu kan dafa ɓawon su sha,
Zazzaɓi da ciwon ƙirji su samu lafawa.
Tsohon da fitsari ke wa gardama,
Shi ma nan yake neman warakawa.
Da kamfanonin Turai suka ji labari,
Buhu-buhu aka dinga ɗaurewa.
'Yan ci-da-zuci suka tuɓe shi tsirara,
A tsaye yake mutuwa yana bushewa.
Sai 1995 CITES, yarjejeniyar kare tsirrai da namun daji, ta sa baki,
Fitar da shi sai da takardar amincewa.
Gefe biyu ake ɓara, a bar masa biyu,
Ko wanzami kan bar wurin warkewa.

Ɗan Agadas:
Inna, sannu da ƙoƙari, ga namu,
Zaitun na daji a dutsen Bagzan, can ƙurewa.
Da wuya ya yi 'ya'ya, fari ya hana,
Daga gindi yake ta sake tohowa.
Awaki kuma ba sa raga masa.

Ɗan Gembu:
Ɗan Agadas, ka bar baiti da ƙafa ɗaya!
Sarki, na ji, bar zaitinka a tudu,
Idon ruwa dai nake so ka kaucewa.

Sarkin Katako:
Na ɗauka Malam, zan ja shi baya,
Wutar rani fa, wa ke cinnawa?
Ita ke cin bakin kurmi duk shekara,
Kai baitinka gun masu kunnawa.