Saɓanin marubuci da darakta a tsohon Hollywood: abin da aka tattauna

1. Galibin masu tattaunawar sun yarda cewa batun sunan wa za a sa a allon fim a matsayin marubuci ke fara haddasa rigima. Marubuci Herman Mankiewicz ya yafe sa sunansa a kwantiragin fim ɗin Citizen Kane (1941), daga baya ya nema, aka sa sunansa tare da na Orson Welles, daraktan fim ɗin. Shawara: a rubuta sunan wa zai fito a allo tun kafin aiki.

2. A raba aiki. A fim ɗin Double Indemnity (1944) marubuci Raymond Chandler har takardar ƙorafi ya kai wa kamfanin fim na Paramount kan halin darakta Billy Wilder, wanda suke rubutun tare, amma fim ɗin ya fito, Wilder na riƙe da tsarin labari, Chandler na ƙawata zance.

3. Inda aka rabu: wa ke yanke hukunci? Wasu sun ce darakta, tunda shi ke ganin hoto. Wasu sun ce kada a taɓa rubutu sai marubuci na wurin.