Ƙwarin da ke zama cikin karan gashin tantabara, ya ake bambance su?

Mai_Shila_TudunJukun:
Salamu alaikum yan uwa, dan Allah masu ilimin dabbobi a taimaka min. Ina kiwon tantabaru a gida, kwarkwatar da ke yawo a kan gashi na santa, haka ƙudan nan mai faɗi da ke sulalewa cikin fiffike, amma wannan daban ne. Na tsinci dogon gashin fiffike a akurki na ɗaga shi a rana sai naga gindin karan, wurin da ya kamata ya zama garau, ya cika da wani gari-gari, dana tsaga da reza na karkaɗe a baƙin ƙyalle sai ga wasu abubuwa farare sirara suna ɗan motsi. Ɗan yayata da ke karatu a Samaru yace ƙwari ne kuma wai kala-kala ne. To ya ake gane wannan daga wancan, kuma na tantabara da na kurciya duk ɗaya ne?

Malamin_Ƙwari:
Wa alaikumus salam Malam. Ɗan naka ya faɗi gaskiya, sai dai ba kwarkwata bace, dangin kaska ne da gizo-gizo, babbar tana da ƙafa 8 ba 6 ba. Masana na kiran gidan nasu Syringophilidae, Lavoipierre ne ya sa sunan a 1953, kuma duk rayuwarsu a cikin bututun gashin suke yinta, suna huda bangon karan da wani siririn tsinken baki su tsotsi ruwan naman da ke kewaye da gindin gashin. Macen da aka riga aka yi wa barbara ita ke shiga ta wata yar ƙofa tun gashin yana sabon tsiro, ta yi ƙwai a ciki, yayan su girma su yi barbara a nan, sai matan su fito neman sabon gashi, shi yasa yan shila ke ɗauka daga iyaye tun a sheƙa.

Rabon farko gida biyu ne. Akwai Syringophilinae, su ne dogaye sirara da aka fi samu a manyan gashin fiffike da jela, ina kyautata zaton su ka gani. Sai Picobiinae da suka fi son ƙananan gashin jiki, macensu in ta ƙoshi cikinta kumbura yake sosai. A ƙarƙashin kowanne kuma akwai zuriya-zuriya, a tantabaru da kurciyoyi za ka ji Peristerophila da Meitingsunes da Psittaciphilus a gida na farko, Gunabopicobia a na biyu. Na tantabarar gida da aka fi sani wani masani Hirst ne ya bayyana shi a 1920 a cikin zuriyar Syringophilus, daga baya aka mayar da shi zuriyar Peristerophila da wani masanin, Kethley, ya kafa a 1970.

Bambancewar kuwa wallahi aikin haƙuri ne, ido baya yi. Sai an jiƙa ƙwaron ya yi haske, a shimfiɗa shi a gilashi a sa a madubin likita, a ƙirga gashin bayansa da na ƙafafu ɗaya bayan ɗaya a auna tsawonsu, a duba siffar bakin, a ƙirga ɗakunan da ke bututun numfashinsa. Gashi guda in babu shi yana iya raba zuriya biyu. Yanzu ana haɗawa da gwajin ƙwayar halitta saboda wasu kamanninsu ɗaya sak.

Uwar_Kaji_Kongo:
Ikon Allah. Ni tambayata Malam, ashe ba sai a ce wanda aka samu a tantabara na tantabara bane, na kurciya na kurciya, a huta da ƙirgan gashi? Sannan suna kisa ne ko suna kama mutum, dan yarana kullum suna cikin akurki.

Malamin_Ƙwari:
Hajiya ki kwantar da hankalinki, basa zama a jikin mutum, in ba cikin gashin tsuntsu ba basa rayuwa. Ba a san su da kisa kamar yadda jar ƙumar nan mai shan jini da dare ke ƙarar da yan shila ba, amma in sun yi yawa gashin na iya yin rauni ko tsuntsun ya dinga tsigar kansa.

Maganar a raba su da sunan tsuntsu kuwa bata tsayuwa. Gaskiya da yawansu suna manne wa tsuntsu iri ɗaya ko yan uwansa na kusa, amma ana samun ƙwaro ɗaya a kurciyoyi daban-daban, kuma tsuntsu ɗaya na iya ɗaukar iri biyu, wani a fiffike wani a ƙirji. Peristerophila ma an same shi a aku da shaho. Abin da ke damuna shine yawancin aikin nan a Turai ake yinsa, musamman Maciej Skoracki da abokan aikinsa a jami'ar Poznan ta Poland, kuma sau da yawa daga busassun fatun tsuntsaye na gidajen adana kayan tarihi suke ciro su, alhali ga hasbiya da bardo da kurciyar gamji nan muna gani da ransu daga Shika har Kufena.

Mai_Shila_TudunJukun:
Nagode ƙwarai Malam Allah ya ƙara ilimi. In na sake samun irin gashin ya zan adana shi?

Malamin_Ƙwari:
Kar ka tsaga. Jefa shi yadda yake a kwalba mai sifirit, ka rubuta irin tsuntsun da ranar da unguwa da kuma ko gashin fiffike ne ko jela ko na jiki, da fensir zaka rubuta dan biro wankewa yake, sai ka ba ɗan naka ya kai tsangayar likitancin dabbobi ta ABU a duba maka.