Ba kati, ba shiga aji? Muhawarar iyayen yara a Birnin Kebbi

Admin: Assalamu alaikum iyaye. Takardar da makaranta ta ba yara jiya ce ake ta kira na a kai. Abin da ke ciki dai, daga zango mai zuwa duk sabon yaron nazare da firamare sai an kawo katin rigakafinsa, wanda likita ya hana a yi wa wata allura ya kawo takardar likitan, amma ba su bar gurbin wanda ya ce shi dai bai yarda ba. Kowa ya faɗi nasa cikin mutunci don Allah.

Baban Ummi: Wa alaikumus salam. Ni dai wagga magana ban yarda da ita ba. Ɗiyana ne, ni ka ci da su ni ka biyan kuɗin makaranta, to mi ya kawo hedimasta cikin abin da za a sa masu a jiki? Kuma kada wani ya ce jahilci ne, mu mun san abin da anka yi a Kano 1996 lokacin sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara 200, 11 sunka mutu wasu sunka nakasa, sai 2009 anka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma gudu yake.

Anti Nas: Baban Ummi abin Trovan ya faru kuma zalunci ne, ba mai musu. Amma shi maganin kashe ƙwayar cuta ne da aka gwada kan yaran da suka riga suka kamu, kamfani na neman kasuwa. Allurar ƙyanda kuwa tun wajen 1963 ake yin ta a duniya. Kuma tunda an taɓo tarihi a ƙarasa shi, 2003 Kano da Zamfara da Kaduna sun dakatar da ɗigon shan inna kan zargin yana hana haihuwa, Kano ba ta dawo ba sai 2004 da aka kawo na Indonesiya, sanadin haka cutar ta tsallaka ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita. Yaran da aka ɗiga wa bayan nan ga su nan sun yi aure suna ta haihuwa, waɗanda ƙafa ta shanye kuma kowa na ganin su a bakin tasha.

Maman Sadiq: Ni roƙo zan yi ba gardama ba. Sadiq ɗina sikila gare shi, duk wanda ke da mai sikila a gida ya san zazzaɓin da wani yaro zai sha farasitamol ya tashi wasa, mu kwana muke a asibiti ana neman jini. Na yi masa duk alluransa, likita ma cewa ya yi masu sikila sun fi kowa buƙata. Amma a benci ɗaya suke zama su huɗu, kofi ɗaya suke shan ruwa a randar aji, wannan ya yi tari a fuskar wannan. Ka ce ɗanka naka ne na yarda, to numfashin da yake fitarwa cikin aji fa, shi ma naka ne kai kaɗai?

Baban Ummi: Allah shi ba Sadiq lahiya. Amma Hajiya in allurar na aiki ai ɗanki ya tsira, mi ne ne na tsoron nawa?

Anti Nas: Ba allurar da ke karewa ɗari bisa ɗari, ta ƙyanda sau biyu tana kai wajen 97 cikin 100. Sannan akwai waɗanda ba a iya yi wa sam, jaririn da bai kai wata 9 ba wanda yayansa zai kwaso a makaranta ya kai masa gida, da yaron da ake wa maganin ciwon daji garkuwar jikinsa ta faɗi, da wanda ya taɓa yin mummunan alaji har numfashi ya sarƙe bayan allurar farko. Uzurin likita ke nan, kuma ba su da yawa. Mura ko ɗan zazzaɓi ba uzuri ba ne, iyaye mata a daina mayar da yaro gida saboda majina. Ita ƙyanda mutum ɗaya na iya shafa wa 12 zuwa 18 in ba su da kariya, shi ya sa ake son kamar 95 cikin 100 su zama an yi musu kafin ta kasa yawo. Ɗan gurbin da ya rage na waɗancan marasa lafiyar ne, in masu ra'ayi suka cike shi su kuma ina za su fake?

Kawu na Amurka: Bari in sa baki tunda nan ma rigimar ce. Duk jihohin Amurka 50 sun yarda da uzurin likita, inda suka bambanta shi ne uzurin addini da na ra'ayi. Kalifoniya ta soke nata a 2015 bayan ƙyanda ta ɓarke a wurin shaƙatawa na Disneyland, New York ta soke na addini a 2019. Texas har yanzu ana cike fom a ce ba a so, kuma a 2025 ƙyanda ta kashe yara biyu a can waɗanda ba a yi wa allura ba. Sai dai ku lura, da Kalifoniya ta rufe ƙofar ra'ayi sai takardun likita suka ƙaru har sai da aka ƙara tsaurara dokar a 2019. A gida da kun san yadda ake samun takardar asibiti in ana neman hutun aiki, wannan sai makaranta ta sa ido.

Malam Liman: Wanda zai ƙi ya ƙi da sunan kansa, kada ya jingina wa addini. Sayyidina Umar ya nufi Sham ya ji annoba ta sauka sai ya juya da jama'a, da aka ce gudun ƙaddara yake ya ce daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Sannan alhazanmu duk shekara layi suke bi a yi musu ta sanƙarau da ta shawara a ɗiga musu na shan inna su karɓi katin nan mai ruwan ɗorawa, don Saudiyya ba ta barin shiga sai da shi, ban taɓa jin maniyyacin da ya fasa kujera a kan haka ba. Sarkin Argungu ne ma ke jagorantar kwamitin sarakunan Arewa kan lafiya a matakin farko.

Baban Ummi: Malam na ji. Amma Hajji ni nas sa kaina, makaranta kuwa dole ta. Kuma abin da ka ci min rai, kullum ana ƙwanƙwasa ƙofa da ɗigon shan inna kyauta, ran da ɗiyata ta kwana da zazzaɓi munka je asibitin sha-ka-tafi ko maganin maleriya babu, takarda anka ba mu mu sayo a kemis. Dole mutum shi yi tambaya.

Anti Nas: Wannan ƙorafin gaskiya ne, mu ma da ke ciki yana mana ciwo. Amma zazzaɓin da kake magana, Kebbi da Bayelsa ne aka fara ba allurarsa a Najeriya a Disambar 2024, ta iso mana kafin sauran jihohi, ana farawa daga wata 5. Ka kai ƙanwar Ummi.

Malama Ticha: Ni ina tare da allura amma ba na tare da korar yaro, ku saurare ni. Kebbi muna cikin jihohin da yara suka fi yawa a waje ba makaranta, da ƙyar ake shawo kan wani uban ya saki 'yarsa ta zo aji, ka ce masa sai da kati wallahi ka ba shi hujja ne a sama, gobe tana tallan gyaɗa. Kuma wa aka hukunta? Yaron da ba shi ya yanke shawara ba. Sannan rashin kati daban ƙin allura daban, inda nake koyarwa akwai yaran da iyayensu suka gudo daga wajen Danko Wasagu da Zamfara saboda 'yan bindiga, da kayan jikinsu kawai suka fito, uwar ta ɗaga hannun rigar yaron ta nuna min tabon lamba a dantsensa na hagu ta ce Malama ga katina nan. Wasu kuma ƙauyensu ma'aikacin lafiya ya daɗe bai taka ba. Waɗannan ba su ƙi komai ba, ba a kai musu ba ne.

Maman Sadiq: Malama su waɗannan ba da su nake ba. Ina magana ne kan mai mota a cikin gari, asibiti na bayan gidansa, ya ji wani sautin murya a WhatsApp ya ce shi fa a'a.

Baban Hanan: Mu 'yan Gwandu ba labari aka ba mu ba, farkon 2025 sanƙarau ya shiga Gwandu da Jega da Aliero an rasa rayuka, a 2017 ma daga Zamfara ya taso ya kashe sama da mutum dubu a ƙasar nan. Lokacin nan kowa allura yake nema ruwa a jallo. Shawarata kar a kori kowa, a karɓi yaro a ba iyaye zango ɗaya, makaranta ta gayyato ma'aikatan rigakafi su zo har harabar su cike wa wanda bai cika ba. Wanda ya ƙi bayan haka ya sa hannu cewa duk ran da cuta ta ɓulla ɗansa zai zauna gida har ta lafa.

Anti Nas: Zaman gidan na da amfani, sai dai mai ƙyanda yana fara yaɗa ta kwana 4 kafin ƙuraje su fito, kafin hedimasta ya sani an gama shaƙa. Ni har yanzu uzurin likita kaɗai na yarda da shi, shi ma daga asibitin gwamnati da hatimi. Zuwa makaranta kuwa a rubuta wa sashen lafiya na ƙaramar hukuma, aikinsu ne kuma kyauta ne.

Baban Ummi: In za su zo ni ma zan zo in gani da idona, a nuna min kwalba da lambar NAFDAC da ranar lalacewa, kuma kada a taɓa ɗiyan kowa sai ubansa ko uwarsa na tsaye. Amma maganar tilas har gobe ban sa hannu ba.

Admin: To na rubuta duka, da maganar zango ɗaya da ta 'yan gudun hijira da sharaɗin Baban Ummi. Taron PTA ranar Asabar ƙarfe 10 na safe, mai kati ya zo da shi Anti Nas za ta duba wa kowa abin da ya rage wa ɗansa.