Bokul ɗin sandal: wanne ke riƙewa, wanne ke saki, kuma laifin wa ne

Baduku, Ƙofar Wambai

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu sana'a. Maganar bokul ce, ƙarfen nan mai harshe da ake matse maɗaurin sandal ko a sassauta shi. Ƙorafin masu saye bai wuce huɗu ba: ya saki, ya yaga huji, ya karye, ya ɓata fata. Kowa ya kawo abin da hannunsa ya taɓa, ban da na ji an ce. Ga nawa.

Bokul na gama-gari gaɓa uku gare shi: zoben da ya kewaye, sandar da ake naɗa fata a jikinta, da harshen da ke shiga huji. Wani yana da ta huɗu, ɗan bututu mai juyawa a bakin gaba. Lambar da ake kira a kasuwa, 12 ko 16 ko 20, faɗin cikin zoben ne a milimita, ba na bayansa ba. A nan yara masu koyo suke fara asarar fata, su auna baya su yanka, maɗauri ya ƙi shiga.

Maɗauri ya kasa cikin bokul da milimita ɗaya. Bokul 16, a yanka 15. In aka yanka cif-cif, gefen fatar zai yi ta gogar ƙarfe har ya tashi gashi-gashi. In kuma aka rage uku ko huɗu, maɗaurin ya riƙa lilo, harshe ya riƙa jan huji a karkace, kafin wata biyu hujin ya zama tsaga. Na mata siriri 10 zuwa 12 ya isa, na 'yan makaranta 14 zuwa 16, na maza 18 zuwa 25.

Sai abin da kusan ba mai dubawa wajen saye, tsawon harshe. Ya hau kan bakin zobe ya kwanta sosai, har ya kusa fita ta ɗaya gefen. Wanda iyakarsa ya ɗan taɓa bakin da tsininsa, ranar da mai shi ya yi tuntuɓe ko ya taka babur da ƙarfi, harshen ya ɗan lanƙwashe ya zurma ta ƙasa. Daga nan ba zai sake riƙo na kirki ba. A cikin dozin ɗaya ma sai a sami biyu ko uku gajeru, don haka ɗaya bayan ɗaya ake dubawa.

Maƙerin fari

Wa alaikumus salam Malam Baduku. Zan ɗora a kan maganar ƙarfen kansa, don ƙyalli yana ruɗin mutane. Abin da ke kasuwa kashi uku ne, duk an shafe su da launi ɗaya.

Na farko baƙin ƙarfe ne da aka buga daga falle ko aka lanƙwasa daga waya. Maganaɗisu yana kama shi caraf. Yana da ƙarfi, in ya lanƙwashe filaya tana miƙar da shi, amma da shafen ya goge sai tsatsa.

Na biyu shi ne mafi yawa yanzu, zubin tutiya da ake kira zamak. Kusan duka tutiya ce, da sanholama, wato alminiyam, kamar kashi 4 cikin 100. Bai kai digiri 400 ba yake narkewa, tagulla kuwa sai ta kai wajen 900, shi ya sa masana'antu suke son sa: zubi da arha, kuma yana ɗaukar zane mai kyau. Ba ya jan tsatsa, amma ba ya lanƙwasa, ɓallewa yake. Duk bokul ɗin da ya karye ɗas, bakin karayar toka-toka mai ɓarɓashi kamar gishiri, shi ne. Kada wanda ya ɓata gawayinsa a kan liƙe shi.

Na uku tagulla zalla. Ta fi zamak nauyi a hannu, maganaɗisu ba ya kama ta. Tunda shi ma zamak ba ya kamuwa, rarrabewar sai da magagari: a ɗan goga bayan sandar inda fata za ta rufe. Ruwan ɗorawa har ciki, tagulla ce. Fari-fari, tutiya ce ta sha kwalliya.

A gwada harshe daban da zobe. Da yawa zoben zamak ne, harshen baƙin ƙarfe, kuma wannan haɗin ba laifi ba ne, ya fi wanda aka zuba harshen da zamak. Wannan na ƙarshen shi ne mafi muni, don duk nauyin ƙafa a kan siririn abin nan yake sauka.

Mai gyara, Sabon Garin Zariya

Allah ya saka da alheri, manya. Ni daga ɓangaren abin da ake dawowa da shi zan yi magana. Yawancin sandal ɗin da ake ajiye mini da sunan bokul ya lalace, ƙarfen lafiyarsa ƙalau. Fatar ce ta gaza, kuma tun ranar yanka aka jawo.

Farko dai wurin da aka yanko maɗauri. Fatar ciki da ta hammata miƙewa take kamar cingam. Maɗauri daga gadon baya ake yanko shi, a bi tsawon dabbar daga wuya zuwa wutsiya. Kaurinsa da shafin ciki ya kai milimita 2 zuwa 2 da rabi. Fatar akuya ita kaɗai ba ta riƙe harshe, sai an ninka ko an yi mata shafi da ƙirgi. In kuma ledar roba ce irin ta kamfani, dole a sa ɗan tef na nailan a tsakiya kafin a manne, in ba haka ba hujin farko ya bi na biyu, na biyu ya bi na uku.

Huji biyar nake yi, na tsakiya shi ne daidai ƙafar mai shi, biyu gaba biyu baya. Tazara milimita 6 zuwa 7 a siriri, 8 zuwa 10 a na maza. Masu kwaikwayon bel suna barin inci guda tsakani, to ƙafa ba ƙugu ba ce: wannan hujin ya matse, na gaba ya yi sako-sako, mai takalmi ya ɗauki ƙusa mai zafi ya huda nasa a tsakiya. Hujin ƙusa da na basilla tsaga fata suke, ba sa cire nama, kuma daga bakin tsagar nan yagewa take farawa. Da abin huji mai da'ira ake yi, wanda ya fi kaurin harshe da rabin milimita. Fatar da ke tsakanin huji biyu kada ta gaza ninki biyu na faɗin hujin.

Sai tsagar da harshe ke leƙowa ta ciki, a wurin naɗi. Ga bokul 16, faɗi milimita 3, tsawo 12 zuwa 15. A huda sama, a huda ƙasa, a haɗe su da wuƙa. In ta yi gajarta harshe ya tsaya cirko-cirko ya ƙi kwanciya. In ta yi faɗi ya riƙa zamewa gefe. A fere wurin naɗin ya koma rabin kaurinsa, don kada ya yi tudu ya ci idon sawu.

Awo kuma da yamma ake ɗauka in da hali. Ƙafar safe ba ita ce ta la'asar ba.

Hajiya mai shagon takalma

Sannunku da ƙoƙari. Abu biyu mata suke dawowa da shi wanda ban ji kun ambata ba.

Ɗaya, tsinin harshe da ƙaiƙayin bakin zobe. Na zubi yakan zo da siririn layi mai kaifi inda bakin mazubin ya haɗu. Shi ke kama gefen leshi da doguwar riga ya zare zare. Gwajin mai sauƙi ne: a goga tsohuwar safa ko ɗan yankin mayafi a jikinsa, in ya kama, a bi shi da samfefa mai laushi ko a ajiye shi gefe.

Biyu, ƙaiƙayi da ƙuraje daidai inda ƙarfen ke taɓa fata, an fi ganinsa da zafi in gumi ya yi yawa. Mace ta ce takalmin ne ba ya karɓar ta, alhali ɗan wurin ne kawai, kamar girman kwabo. Dukawa don Allah ku riƙa barin 'yar fata a ƙarƙashin bokul, ta fi shi faɗi kaɗan, ta raba ƙarfe da jiki. Ba ta cin komai, guntun da kuke zubarwa ya isa.

Maƙerin fari

Hajiya, wannan ƙaiƙayin yawanci nikel ne, shafen da ke ba ƙarfe hasken azurfa, har na ruwan zinariya ma sau da yawa akwai shi a ƙarƙashi. Gumi ne ke narko shi. Tarayyar Turai ta yi doka a kansa tun 1994, ta ƙayyade yawan da zai iya fita daga abin da ke daɗewa a jikin mutum, shi ya sa ake ganin wasu fakiti da rubutun cewa babu nikel. Man farce marar launi yana tarewa na ɗan lokaci, amma gogewa yake. 'Yar fatar da kika faɗa ita ce maganin.

Baduku daga Damagaram

Gaisuwa ga iyayen gidana. Ina da ja kaɗan a kan maganar Malam Maƙeri, kada a tashi da cewa tagulla ba ta da aibi.

Gaskiya ne, fatar da aka jeme da bagaruwa ba ta shiri da baƙin ƙarfe. Da ruwa ya shiga tsakaninsu sai baƙin tabo ya fito zagaye da sandar, kuma ba ya wankuwa. Ba abin mamaki ba ne ga baduku, ai da tsatsar ƙarfe muke haɗa kuloko mu rina fata baƙi. Wanda ya sa bokul ɗin baƙin ƙarfe a jar fata, ya bar mai shi yana zura jiƙaƙƙiyar ƙafa bayan alwala sau biyar a yini, rini ya ɗora bai sani ba.

To amma ita tagulla, in fatar ta sha mai, tana fitar da wani kore-kore mai danƙo a cikin naɗin da gindin harshe. Ba ya cin ƙarfen sosai, sai dai ya ɓata farar safa da bakin wando. Tsinke da tsumma suna fitar da shi. Mai shafa man kaɗanya da hunturu ya tsaya nesa da naɗin da kamar faɗin yatsa. In za a wanke da lemun tsami da toka, a ɗauraye a busar, kada tsamin ya kwana a fata.

Duk da haka, a jar fatar bagaruwa tagullar nake sawa. Kore yana gogewa, baƙi ba ya fita.

Baduku, Ƙofar Wambai

Na karɓi gyaran, ɗan'uwa. Tunda alwala ta shigo, mu tsaya a kanta, don ita ce ta raba takalminmu da na waɗanda suka zana bokul ɗin. Wanda ya ɗaura da safe ya kwance da dare, huji ɗaya sau biyu ya ji harshe. Namu da masallaci da shiga ɗakin mutane, ya fi sau goma. Ƙarshenta mutum ya gaji, ya bar shi a ɗaure ya riƙa tura ƙafa da ƙarfi, ko ya take maɗaurin baya ya mai da sandal silifa.

Hanya uku na sani. Bokul mai bututu yana rage wahalar fata ƙwarai, don maɗauri birgima yake a kansa maimakon ya gogi kaifi. A duba bakin bututun ya haɗe, in ya buɗe shi da kansa yake yankar fata, filaya tana mayar da shi. Ta biyu, roba a gindin bokul: a naɗa lastik mai faɗin sandar, ninki biyu, abin da zai fito waje kada ya wuce milimita 10, a ɓoye sauran cikin fata. Yana ba da 'yar miƙewa, ƙafa ta shige ba a kwance ba. Aibinsa zafi da rana suna kashe shi, don haka a ɗinka yadda za a iya farkewa a sauya. Ta uku, mai ƙugiya: a saita huji sau ɗaya, daga nan sai dai a saƙala a zare. Ga dattawa da masu ciwon baya babu kamarsa, sai dai in maɗauri ya yi sako-sako ƙugiyar tana zarewa da kanta ana cikin tafiya, don haka a saita shi ya ɗan kama.

Wurin zamansa kuma gefen waje, gaba da ƙashin idon sawu kuma ƙasa da shi, jelar maɗauri ta kalli baya. Na ciki ƙafa biyu suna gogar juna. Masu zanen da ya karkata suna da na dama da na hagu, a ware su tun a leda.

Mai gyara, Sabon Garin Zariya

Oga, ƙari ɗaya a kan kama naɗin, ɗinki ko ribit. Ribit ya fi sauri, amma ƙafarsa ta fi kaurin fatar da milimita 1 zuwa 2 kawai. In ta yi tsawo ta karkace a ciki, kan ya fita bayan sati. In ta yi gajarta ba ta kama ba tun farko. Kuma ribit ɗaya a maɗauri mai faɗin 20 yana barin bokul ya riƙa juyawa, sai biyu.

A na 'yan makaranta ni ɗinki nake yi, zaren nailan mai kaki, layi biyu da suka bi tsawon maɗauri ta gefe da gefe. Kada a ɗinka a gicciye daga baki zuwa baki kusa da sandar, wannan layin huji ne aka jera wa fata, nan take tsinkewa kamar takardar rasit. Gam shi kaɗai ba ya riƙe wurin nan ko na wane kamfani ne.

Hajiya, masu maɗaurin ƙar-ƙar, mai gashin nan da ake mannawa a ɓare, da aka liƙa wa bokul na ado a sama fa, suna dawo miki da su? Nan da ƙurar hunturu ta cika gashin sai ya daina kamawa, ina tsefe shi da allura ya ɗan farfaɗo, amma wanda gashin ya kwanta sai dai a farke a sa sabo.