Shin dokar gwamnati a kan kasuwar kirifto tana kare mai zuba jari ne ko takura masa take yi?

Ɗalibin Kasuwa:
Assalamu alaikum. Ina roƙon masana su yi mini ƙarin haske. Wasu gwamnatoci sun haramta cinikin kuɗin kirifto, wato kuɗin intanet irin su Bitcoin, wasu sun ɗora masa haraji, wasu kuma sun ce kamfani ba zai yi aiki ba sai da lasisi. Wanne ne daga ciki ya fi amfanar ƙaramin mai zuba jari?

Malam Akanta:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Haramtawa daban, tsarawa daban. A watan Fabrairun 2021 Babban Bankin Najeriya ya hana bankuna hulɗa da kamfanonin kirifto, amma cinikin bai tsaya ba, sai mutane suka koma saye da sayarwa tsakaninsu kai-tsaye, wasu har ta WhatsApp da Telegram, inda mutum zai tura kuɗinsa ya zauna yana kallon waya, kuma idan aka damfare shi babu inda zai kai ƙara. A Disambar 2023 bankin ya janye umarnin.

Hajiya Mai Lissafi:
Na yarda da Malam, sai dai ni abin da ya fi damuna shi ne amanar da ke hannun kamfanonin. Lokacin da FTX, wani babban kamfanin cinikin kirifto, ya durƙushe a Nuwambar 2022, an gano cewa kuɗin da jama'a suka ajiye an karkatar da su zuwa Alameda Research, wani kamfani na mai FTX ɗin, kuma a 2024 kotun Amurka ta yanke wa mai kamfanin, Sam Bankman-Fried, ɗaurin shekara 25. Masu ajiyar nan suna ganin kuɗinsu a rubuce a kan allon waya, amma da suka zo cirewa sai suka tarar an rufe ƙofa. Dokar kirifto ta Tarayyar Turai, wadda ake kira MiCA, ta tilasta wa kamfani ya raba dukiyar abokan ciniki da tasa, kuma a ganina irin wannan doka ce ta cancanci a yi fafutuka a kanta.

Mai Bibiya:
Hajiya, haka ne, amma a tuna da batun haraji. Tun 2022 Indiya ke karɓar kashi 30 cikin ɗari na riba, tana kuma cire kashi 1 cikin ɗari daga kuɗin ciniki, sannan ba ta yarda a rage asara daga riba ba, wanda hakan ya fi ƙuntata wa mai ƙaramin jari. Lasisi ma ba ya hana farashi faɗuwa.

Ɗalibin Kasuwa:
Na gode ƙwarai. Zan fara binciken lasisin kamfanin da nake ajiya a wurinsa.