Muhawara: masu heavy metal ko mawaƙan pop, wa ya fi daɗewa ana yi da shi?

Nura: Jama'a, ga magana. Ni a ganina mawaƙin pop yayi ne, a yi shi a wuce. Masu heavy metal kuwa, wato kiɗan jita mai tsananin ƙara, duk da baƙar shaidar da ake yi musu, su ne ke tsufa tare da mutanensu.

Anti Binta: Nura, waɗannan masu gashi har gadon baya, da baƙaƙen riguna masu hoton ƙoƙon kai? Ni ban da ihu ba na jin komai a kiɗan nan.

Nura: Su fa, Anti. Ki duba ƙungiyar Black Sabbath. A Birmingham ta Ingila suka haɗu a 1968, yaran unguwar ma'aikata. Ranar 5 ga Yuli 2025 suka yi wasan bankwana a Villa Park, filin Aston Villa, ba masaka tsinke. Mawaƙinsu Ozzy Osbourne a zaune ya yi waƙa, cutar Parkinson ta hana shi tsayuwa, amma ba wanda ya ce ya tsufa ya sauka. Kwana 17 bayan nan ya mutu.

Malam Sani: Ƙanena, sannu da ƙoƙari. Ka shiga kowace tasha a Kano ka ce Ozzy, ka ga ko wani zai waiwayo. Sannan ka ce Michael Jackson. Tun 2009 ya mutu, har yau yara na kwaikwayon rawarsa ta ja da baya. Wannan ba daɗewa ba ce?

Habu: Malam, da girmanka, mutum ɗaya ka kawo. Sa'o'insa nawa aka manta? Shahara daban, riƙo daban. Mai son ƙungiyar metal ta Iron Maiden tun 1975 suke tare, yanzu da furfurarsa yake jan ɗansa zuwa wasa.

Malam Sani: Ƙungiyar ce aka kafa a 1975, Habu, cikakken faifansu na farko sai 1980. Kada zaƙi ya ɗebe ka.

Habu: Na karɓi gyara.

Anti Binta: To batun ɗabi'a fa? Ba wannan Ozzy ɗin ne ya gatsa kan jemage a gaban jama'a ba?

Nura: Shi ne, a Iowa ta Amurka, 1982. Wani ne ya jefo shi dandali, ya ce ya zaci na roba ne, sai da aka yi masa allurar haukan kare. Ba na kare shi. Amma yawancin abin tsoron nan kayan wasa ne. An kai ƙungiyar metal ta Judas Priest kotu a Nevada a 1990, wai sun ɓoye saƙo a waƙa da ya sa matasa biyu suka harbi kansu, alƙali bai same su da laifi ba. Bruce Dickinson na Iron Maiden kuma matuƙin jirgin sama ne, shi ya tuƙa su zuwa wasa a wasu zagayen.

Habu: Abin da nake so ku gane, mai metal bai taɓa sayar da kyan fuska ba, saboda haka tsufa ba ya rage masa komai. Ku dubi ƙungiyar pop ta ABBA. Da suka dawo Landan a 2022, ba su yi wasan da kansu ba. Siffofinsu na kwamfuta aka haska, yadda suke a ƙuruciya.

Malam Sani: Kuma mutane suka biya kuɗi suka cika wurin, don kallon hoto kawai. Ka ga hujjarka ta dawo wurina. Waƙoƙin da aka yi tun shekarun 1970 ne suka jawo su, ba fuska ba.

Habu: To me ya hana su fitowa da furfurarsu?

Anti Binta: Ku dai. Nura, turo min guda ɗaya ta Black Sabbath ɗin, wadda ba ta da ihu sosai. In ta sa min ciwon kai, kai za ka sayi magani.